Banɗakin Inna Makulli

Duk wanda ya yi firamaren nan ta bayan tashar mota yana iya manta malamin da ya koya masa lissafi, amma ba ya manta Inna Makulli. Ita ce mai shara da wanke banɗaki. A tsarin ma'aikata ita ce ta ƙarshe, maigadi ma yana gabanta, amma a idon yara hedimasta kansa a bayanta yake, domin shi bulala kawai gare shi, ita kuwa makullin banɗaki ne rataye a wuyanta da igiyar takalmi.

Ba da wannan suna ta zo makarantar ba. Ta zo ne da 'yarta guda, shekarar da mijinta ya rasu, wani kafinta mai yawan dariya da ƙarancin ajiya, wanda bai bar mata komai ba sai zarto da guduma da akwatin kayan aiki. Wata maƙwabciya ce ta yi mata hanyar aikin. Ranar da aka nuna mata banɗakin yara, wani ɗan gini a ƙarshen fili mai ɗakuna a jere da ƙofar ƙarfe guda ta shiga, sai da ta koma gindin bango ta zauna ta huta da abin da ta gani. Ƙudaje ne ke da wurin, yara baƙi ne. Ta ɗaura ɗankwali a hanci, ta kankare, ta goge, ta ɗauraye, ta matsa wa maigadi ya gyara ƙofofi, ta shafe bango da farar ƙasa da hannunta. Da ta gama ta ja da baya tana kallo kamar wadda ta gama yi wa 'yarta jere. Kafin a tashi daga makaranta a ranar, yara sun mayar mata da shi yadda ta same shi.

Washegari ta buɗe akwatin marigayi, ta ɗauko wani ƙaton kwaɗo, ta garƙame ƙofar ƙarfen. Daga ranar sunanta na yanka ya ɓace.

Dokokinta ba su da yawa, kuma ba a rubuce suke ba. Ana buɗe banɗaki in an fita hutun ƙarfe tara, ana rufewa in an koma aji. Tana tsaye a bakin ƙofa da tsintsiya a hannu, tana duban ƙafar kowa kafin ya shiga, tana leƙa ɗakin bayan ya fito. Wanda ya daɗe a ciki sai ya ji an buga ƙofa da bakin tsintsiya, an tambaye shi ko haihuwa yake yi. Babbar dokar kuwa ita ce, ƙarami a nan, babba a gida. Yaron da ya kuskura ya yi babba, kafin ya ɗaure wandonsa duk layin da ke jira ya san abin da ya ci jiya. Ba ta taɓa dukan ɗan kowa ba, kuma tana alfahari da haka. Bakinta ya ishe ta.

Sai banɗakin ya yi suna. Masu duba makarantu suka zo, suka shiga suna toshe hanci bisa al'ada, suka fito suna mamaki. Aka ba makarantar takardar yabo mai zanen zinariya a gefe, hedimasta ya sa ta a gilashi ya rataye a ofishinsa. In an yi baƙi, kafin a nuna musu ɗakin karatu sai an kai su banɗaki. Babu wanda ya taɓa tambaya yadda aka yi ɗaruruwan yara ke amfani da wuri amma yana ƙamshi kamar ɗakin amarya. Inna ma ba ta tambayi kanta ba. Ita dai ta san tsabta ba ta zuwa da lallashi.

A gida ma haka take. Ɗaki biyu suke haya a wani gida mai yawan 'yan haya, ita da 'yarta da jikanta. 'Yar tana aiki a gidan burodi, mijinta direban babbar mota ne da ba a ganinsa sai jifa-jifa, don haka rainon yaron a hannun Inna ya faɗo, kuma a ɗakinta yake kwana. Maigida take ce masa, shi kuma in ya so tsokana ya ce ya sake ta, tsohuwa ce, zai auro yarinya. Yaro ne mai shiru da manyan idanu, mai tsananin gudun abin kunya. Tun bai cika shekara uku ba ya daina ɓata shimfiɗa, kuma babu matar gidan da ba ta ji wannan labari daga bakin Inna ba, musamman waɗanda katifun 'ya'yansu ke shan rana a kan katanga kowace safiya.

Da ya isa shiga makaranta, ba a yi shawara ba, inda kakarsa take aka kai shi. Ta ja kunnensa tun a hanya cewa ido yana kansa, shi ne jikan mai banɗaki, kada ya ba ta kunya. Yaron ya riƙe maganar da hannu biyu. Bai taɓa tsayawa a layinta ba. In an fita tara yana can gindin bishiya da gutsuren burodin da uwarsa ta kawo daga wurin aiki, yana ci yana matse ƙafafu. Inna takan nuna shi ga sauran yara ta ce su yi koyi da Maigida, wanda tun da ya shigo makarantar nan bai taɓa ɓata mata wuri ba. Da safe kuma a gida banɗaki ɗaya ne ga gidan duka, mutane na tsaye da buta suna gyaran murya, Inna na kiransa su tafi kada su makara. Sai ya ce ba ya jin zagayawa.

Ba a gama zangon farko ba ta tashi wata safiya ta tarar da katifarsa sharkaf.

Ta ce tsautsayi ne. Da abin ya maimaita ta ce sanyi ne. Da ya zama kullum sai ta ce lalaci ne, kuma lalaci tana da maganinsa. Ta hana shi ruwa daga la'asar. Da bai yi ba, ta matso da dokar zuwa azahar, har ya zamana yaron na kallon randa kamar mai kallon kantin da ba shi da kuɗin shiga. Ta riƙa tashinsa daga barci tana kai shi waje yana layi. Ta yi faɗa, ta yi gori, ta yi alkawarin keke. Ta shimfiɗa leda a ƙarƙashin zanin gado, duk juyin da ya yi sai ɗakin ya ɗauki ƙara. Fitsari dai bai fasa ba.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne shanya. Matar da ta shekara tana yi wa katifun mutane kallon hadarin kaji ba za ta fito da tata ba. Sai ta ɗaura igiya a cikin ɗaki, tana wanki da asuba tana shanyawa a bayan ƙofa, ta rufe taga. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma wari ba ya riƙe sirri. Ranar da dole ta sa ta fitar da katifar, ta ce wa matar tela ta ɗakin kusa shayi ne ya zube. Matar ta taya ta jimami, ta ce lallai shayin gidan nan yana da son katifa.

Akwai wasu abubuwan da ta gani ba ta haɗa su da wannan ba. Yaron ya rage cin abinci, in ba burodi da shayi ba sai ya ture kwano ya ce ya ƙoshi. Yana yawan cewa cikinsa na ciwo, ita kuma ta ce ciwon ranar makaranta ne. Tana ganin ɗan ɓaci a wandonsa na ciki in ta zo wanki, ta ce ƙyuya ce ta hana shi tsarki da kyau, ta ƙara masa wani faɗan a kan na da. Uwarsa ta kawo maganar asibiti ba sau ɗaya ba, Inna ta ce ita ta raini yara kafin a haifi likitocin yanzu, kuma ba ta taɓa jin an kwantar da mutum a gadon asibiti don ya jiƙa na gida ba. Haka aka ci shekara, aka shiga ta biyu.

Wata ranar Talata, ana tsakiyar darasi, malamar aji biyu ta aiko a kira mai shara ta zo da bokiti, wani yaro ya yi fitsari a aji. Inna ta taho tana shirya jawabin da za ta yi, domin irin wannan rana ce take nuna gwanintarta. Ta shiga ta tarar aji ya yi tsit, yara sun ja bencinsu gefe, an bar yaro ɗaya a tsakiya ya kifa kai a kan tebur. Tun daga ƙeya ta gane shi. Malamar sabuwa ce, ba ta san alaƙarsu ba, tana ta bayani cewa ta tambaye shi me ya hana shi neman izini ya ƙi magana.

Inna ta ajiye bokitin. Ta durƙusa ta goge ƙasan, ta goge benci, ta matse tsumma, yara na kallon bakinta suna jiran abin da bai fito ba. Ta cire mayafinta ta ɗaura masa a ƙugu, ta kama hannunsa suka fita. Sun wuce ta gaban banɗakin, ƙofarsa a garƙame, yana sheƙi a rana.

Kwana biyu bayan haka su uku suka tafi asibiti. Likitar yara wata matashiya ce siririya mai tabarau, wadda Inna ta auna da ido ta ga ba ta kai 'yarta ba. Ta saurari labarin fitsarin, sannan ta juya ga yaron ta tambaye shi yaushe rabonsa da bayan gida, kuma in ya je yana fita da sauƙi ko sai ya yi nishi.

Inna ta gyara zama ta ce, "'Yar nan, mu fa fitsari muka kawo."

Likitar ta ce ta ji, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ta kwantar da yaron ta danna cikinsa a hankali, sannan ta kama hannun Inna ta ɗora a gefen hagu, ƙasa da cibiya. Inna ta ji wasu abubuwa masu tauri a jere kamar an cusa duwatsu a safa. Likitar ta yi musu bayani cewa ƙarshen hanji da mafitsara maƙwabta ne, bango ɗaya ya raba su. In yaro yana riƙe bayan gida, sai ya taru ya bushe, hanjin ya buɗe ya danne mafitsara, ta rasa wurin da za ta tara fitsari, ta riƙa matsewa ba shiri. Da rana yaro na iya dannewa, in ya yi barci babu mai tsaro. Ta ce ɓacin da ake gani a wando ma daga nan yake, mai ruwa ne ke zagaye busasshen ya fito yaron bai sani ba. Ta ce ba kowane fitsarin kwance ne daga hanji ba, za a gwada fitsarinsa a tabbatar babu wani abu, amma yaron da ya daina ya dawo, ga ciki kamar dutse, nan za a fara dubawa. Da ta ji an hana shi ruwa tun azahar sai ta cire tabarau ta goge, ta ce wannan kamar a ga tuwo ya yi tauri ne a ƙara masa gari.

Sai ta sake juyawa ga yaron, ta tambaye shi me ya sa ba ya zagayawa a makaranta.

Yana kallon yatsun ƙafarsa ya ce, "A kulle yake."

Likitar ta tambaya ko ba a buɗewa sam. Ya ce ana buɗewa, amma matar da ke wurin ba ta so a yi babba. Bai ɗaga kai ba, bai kalli kowa ba.

Nan likitar ta ajiye biro. Ta ce wannan shi ne abin da ke ƙona mata rai, rabin yaran da ake kawo mata da irin wannan matsala daga makaranta suke ɗauko ta. A gina banɗaki don yara, a ɗora wata a kai ta mayar da shi kayan ado, yara na cutuwa ana tafa mata. Ta ce da za ta ga matar nan da ta gaya mata magana. Uwar yaron ta ɗaga kai tana nazarin fankar da ke sama. Inna ta sa hannu a hankali ta tura igiyar wuyanta cikin riga.

"Ai likita," in ji ta, "wasu mutanen ba su da imani."

A motar komawa, da suka kusa sauka, Inna ta ce yarinyar nan likita tana da baki, kuma da ganinta ba ta taɓa wanke banɗaki ba. 'Yarta ta dubi fuskar uwar, ta juya tana kallon titi. Wanzami ba ya son jarfa.

Amma Inna mace ce da in ta karɓi doka ba ta yi mata rabi. An ba su wani garin magani da ake damawa a ruwa don ya tausasa abin da ya taru, aka ce kwanakin farko za a sha wanki, kuma aka sha. An ce ya sha ruwa sosai da rana, a rage kawai dab da kwanciya, sai ga wadda ta hana shi randa tana bin sa da kofi har bakin aji. An ce a rage burodi a ƙara ganye da wake da 'ya'yan itace, sai ta kafa wa burodin 'yarta takunkumi a bakin ƙofa, gwanda da lemo suka zama kamar farilla. An ce ya riƙa zama a banɗaki na ɗan lokaci bayan ya ci abinci, ba gaggawa, ƙafafunsa a kan wani abu don gwiwa ta ɗago. Ta ɗauko zarto da guduma, ta haɗa masa ɗan benci da katakon akwatin tumatir, ya fito a karkace amma yana tsayuwa. Ta tsaya a tsakar gida ta sanar wa 'yan haya cewa bayan karin kumallo banɗaki na Maigida ne, mai sauri ya riga shi. An ce kuma a daina faɗa da gori. Wannan ce ta fi ba ta wuya, har takan fita waje ta yi wa kaji.

Sauƙi bai zo da gudu ba. Cikin ya saki tun a makon farko, yaron ya fara cin abinci kamar an canza shi, amma katifa ta ci gaba da jiƙewa. Sai aka fara samun safiya ɗaya a bushe, biyu a jiƙe. Da aka jera kwanaki a bushe, Inna ta yanke hukunci cewa an warke, ta ɗauke maganin ta ajiye a saman kabad, duk da likita ta ce watanni za a yi kafin hanjin da ya buɗe ya koma daidai. Ba a rufa mako biyu ba aka koma gidan jiya. Suka koma asibiti, ta sha wani jawabin, wannan karon da sunanta, ta dawo ta sauko da maganin. Sai da damina ta wuce kafin a naɗe ledar.

A makaranta kuwa, tun washegarin zuwansu asibiti na farko aka wayi gari ƙofar ƙarfe a buɗe. Maigadi ya tambaya, ta ce kwaɗon ne ya yi tsatsa. Ya ce yana da mai, ta ce ya riƙe abinsa. Yara suka yi kwanaki suna zagaye ƙofar suna zaton tarko ne, sannan suka afka. Aikinta ya ninku, tana wanki sau ba adadi, bayanta ya fara ciwo, kuma duk da haka wurin bai ƙara yin ƙamshin da ba. Hedimasta ya kira ta ofis ya nuna damuwarsa cewa tsufa ya fara taɓa aikinta. Da masu dubawa suka dawo, suka shiga suka tarar da yara a ciki, ƙasa a jiƙe, suka rubuta abin da suka rubuta, yabon shekarar ya tafi wata makaranta. Inna ta ce ta san banɗakin can, kuma ta san yadda aka yi yake da tsabta.

Ba ta taɓa cewa ta yi kuskure ba, ko ga 'yarta. Abin da ta yi shi ne ta juya dokar, ta riƙe ta da ƙarfin da ta riƙe ta farko. Tana nan a bakin ƙofa da tsintsiya, sai dai yanzu wanda ya fito da wuri shi ke shan tambaya. Takan tare yaro a tsakiyar fili, gaban abokansa, ta ce, "Kai, ka yi yau? Da tauri ko da laushi?" In ya yi ƙarya ta gane, ta juya shi. Yara suka ci gaba da tsoronta kamar da, dalilin ne kawai ya sauya.

Labari ya bi gari, iyaye mata suka fara zuwa a ɓoye lokacin tashi, suna farawa da gaisuwa mai tsawo kafin su kai ga maganar katifa. Matar tela ma ta zo. Inna takan saurara da fuskar wadda ta daɗe da sanin komai, ta ce tun farko ita ta zargi cikin, ta yi musu bayanin maƙwabta biyu da bango ɗaya kamar ita ta gina su. Amma ba ta ba kowa magani, asibiti take tura su, ta ce su nemi siririyar nan mai tabarau, tana da baki amma ta fara koyon aiki. Wasu yaran suka dace. Wani kuma aka duba aka ce cikinsa lafiya lau, nauyin barci ne da gado, ubansa ma sai da ya girma ya daina, sai a bi yaron da haƙuri da wata dabarar. Inna ta ce dama ta ga alama a tafiyar uban.

Wanda ya fi shan wahalar sabon zamanin shi ne Maigida. Ya warke, ya yi ƙiba, ya fara ƙwallo, amma ya zama misali a bakin kakarsa. Duk uwar da ta zo sai an kira shi daga wasa an nuna shi, an ba da tarihin cikinsa daga farko har ƙarshe, da abin da ya fita a makon farko da kamanninsa. Ya jure har ƙarshen aji uku. Ranar da ubansa ya dawo daga tafiya, Maigida ya same shi yana wanke mota, ya ce shi dai a canza masa makaranta, ko wacce ce, in dai babu danginsa a ciki.

Uban ya yi dariya har ya saki tiyo, amma ya amince, uwar ma ta goyi baya. Inna ta yi fushin kwana biyu, ta ce miji ya gudu ya bar ta da tsufa. A rana ta uku ta yafa mayafi ta tafi sabuwar makarantar da ke hayin titi. Ba ta nemi hedimasta ba, ba ta leƙa aji ba, ta wuce kai tsaye ƙarshen fili. Ta daɗe a can, ta kuma yi doguwar magana da matar da ke shara, wadda aka ce har yau in ta hango ta sai ta canza hanya. Da ta dawo 'yarta ta tambaye ta yaya ta gani.

Ta ce wurin yana wari daidai gwargwado, ana iya kai shi.